Yadda Na Gwada Jami'ar Ƙauye da Ruwan Sama

Ku 'ya'yana, da ku jikokin da kuka fara wayo, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a gidan nan, tun ina jin ta ina dariya har ta fara ba ni haushi. Wai rowa ce ta sa na kai yayanku jami'ar ƙauye, don na ji kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Wasu kuma suna cewa don in nuna wa Alhaji Babba iyakarsa na yi. Duka biyun ba haka ba ne. Ban musa ina son araha ba, ɗan kasuwa ne ni, kuma duk ɗan kasuwar da ya ce muku ba ya son araha, ku binciki sauran maganganunsa. Amma ban taɓa ɗaukar kaya don araha kawai ba, balle in ɗauki ɗa in kai. Yanzu da gwiwa ta hana ni zuwa rumfa kullum, ga lokaci ga alƙalami, bari in faɗa muku yadda aka yi.

Gidanmu na cikin birni kun san shi, amma ba ku san shi da tsarinsa na da ba. Mu biyu mahaifinmu ya bari maza: Alhaji Lawal, wanda kuke kira Alhaji Babba, sai ni. Shi ya yi boko mai zurfi, ya je babbar jami'a tun lokacin da ake nuna mai digiri da yatsa a Katsina, ya yi aikin gwamnati har ya kai inda ake buɗe masa ƙofar mota. Ni kuwa daga firamare aka ja ni rumfar yadi a Babbar Kasuwa, a can na yi furfura. Tun muna samari, bayan sallar magariba kowane ɗaki yakan fito da kwanonsa zaure, mu zauna tabarma ɗaya ni da shi mu ci tare, ko da mun saɓa da rana. Kuma a gidanmu ɗan fari ba na ubansa ba ne. Da aka haifi yayanku, Alhaji Babba ne ya yi masa huɗuba, shi ya zaɓa masa suna, shi ya kai shi makaranta, shi ake kai wa ƙararsa. Ni nawa kawaici. Ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ban taɓa yabonsa ba, kuma har yau bakina bai saba da kama sunansa ba, shi ya sa a nan ma za ku ji ina ta cewa yayanku. Ku 'yan zamani kuna ganin kamar rashin so ne, to ba shi ba ne.

Yayanku ya gama sakandare da sakamako mai kyau, in ban da lissafi da ya tokare masa wuya. Ya sake jarrabawa, lissafin ya sake kayar da shi. Ya yi ta shiga jarrabawar neman jami'a, makin yana zuwa dab da abin da manyan jami'o'i suke so, sai ya tsaya a bakin ƙofa. Duk shekara Alhaji Babba yakan ce a yi haƙuri, akwai wani abokin karatunsa da ya yi masa alkawari, bana kam an gama magana. Bana ta zama baɗi, baɗi ta zama wata baɗin. Yaron da ƙwallo ke hana shi zama gida ya koma barci har hantsi. In sa'o'insa sun dawo hutu daga jami'a, sai ya bar babbar hanya ya bi lungu don kada su haɗu. Na ja shi rumfa, ya zauna kamar an aiko shi gaisuwar mutuwa, mai saye na tambayar kuɗin shadda yana kallon ƙasa. Ina gani, amma ba hurumina ba ne in yi magana. Mahaifiyarku ce ta kasa daurewa. Wata safiya ta ajiye mini koko, maimakon ta tafi sai ta tsaya.

“Alhaji, ka dibi yaron nan kuwa da kyau?”

“Ai yana hannun Yaya,” na ce mata.

“Na sani. Ni ma kunyar nan ina da ita, na hi ka ma. Amma jiya na ishe shi ya tattara littattahanshi cikin buhu, wai za shi ba mai ƙosai ta yi ƙunshi. In ya bar karatu a ranshi, wane abokin Yaya ne zai maido mashi da shi?”

Ta juya ta fita, kokon nan kuwa bai shiga ba.

A cikin makon ne wata malamar firamare daga Kambarawa, wadda ta daɗe tana sayen kaya wurina, ta zo neman atamfar anko. Mace ce da ta aurar da 'ya'ya. Na ce bikin wa za a yi kuma, ta yi dariya ta ce nata ne, digiri ta gama. Ita ta ba ni labarin jami'ar nan, wadda kun san ta ba sai na kama suna ba: ƙarama ce, ta gwamnati, an dasa ta a tsakiyar gonaki nesa da kowane babban gari. Ba ta korar kowa. In takardunka sun cika a ɗauke ka, in akwai darasin da ya kayar da kai a sa ka ajin share fage ka gyara, sannan ka wuce. Kuɗinta kuwa ko mai albashin firamare yana iya biya. Da magariba, muna cikin cin tuwo, na kawo maganar a hankali, kamar labarin kasuwa nake bayarwa. Alhaji Babba ya tsame hannunsa daga kwano.

“Sada, makarantar da ba ta ƙin kowa, mi za ta koya ma wani? Wannan ai tasha ce, ba jami'a ba. Ɗan gidan nan, jikan mahaihinmu, a ce ya tahi ƙauye shina karatu da awaki? Ka bar mani maganar Mannir. Bana an gama.”

Na ce to, Allah ya sa. Amma a raina ban ce to ba, kuma ban ce a'a ba, don ni ma ban san ko yana da gaskiya ba. Mai yiwuwa tashar ce. Ban yi jami'a ba, ban san abin da ake dubawa a jami'a ba. Abin da na sani shi ne yadi. Mu a sana'armu, in dillali ya kawo sabuwar atamfa yana rantse-rantse, ba ma tsayawa kallon zanenta ko tambarin da aka manna mata, don tambari kowa yana iya bugawa. Gefenta muke kamawa mu tsoma a ruwa, mu matse a kan farin ƙyalle. In za ta zuba, a nan za ta zuba. To sai na yi tunani, mene ne ruwan makaranta? Ban sha wahalar nema ba, ruwan dai ne. Kun san halinmu, in ruwan sama ya zubo da safe an samu hutun da gwamnati ba ta bayar ba. Ofis yakan zama kango, mai rumfa ya ja bargo, kowa ya ce ai ruwa ne ya tsare shi, kuma ba mai ganin laifinsa. Na ce zan je makarantar nan ranar da ake ruwa, ba tare da kowa ya san da zuwana ba, in ga ko malami zai shiga aji.

Lokacin tsakiyar damina ne, don haka ban daɗe ina jira ba. Wata safiya na fito masallaci na ga gabas ta yi baƙi ƙirin, iska tana kaɗa ledoji a lungu. Na leƙa ɗakin samari na ce wa yayanku, ba tare da na dube shi ba, ya tashi ya raka ni unguwa. Muka shiga motar haya ta hanyar Batagarawa, muka canza wata, muka sake canza wata, ruwa kuwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya tun ba mu yi nisa ba. Inda kwalta ta ƙare direba ya ce iyakarsa ke nan, sai dai mu taka. Muka taka, taɓo yana cire mini takalmi, babbar rigata ta shadda ta manne mini a jiki. Can sai ga rafi ya yanke hanya, ya ciko yana gudu da jan ruwa, ba gada ba kwalbati. A tsallake ana hango rufin kwanon makarantar a tsakanin gero. Na tsaya ina cewa a raina, shi ke nan, Alhaji Babba ya yi gaskiya, wa zai ƙetare wannan don ya koyar da 'ya'yan wasu?

Muna tsaye ƙarƙashin wata bishiyar kuka sai ga wani mutum a kan tsohon babur, siriri, ya ɗan manyanta. Ya yi mana sallama, ya jingine babur ɗin a gindin kukar kamar wanda ya saba, ya cire takalmansa ya rataya a wuya. Ya naɗe wando har cinya, ya ɗora wata baƙar leda a ka ya dafe da hannu ɗaya.

“Alhaji, ƙetarewa za ku yi? Ku biyo bayana, ta nan ƙasan tana da tsakuwa. Kada ku bi ta wajen can, akwai rami.”

Ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce idon sawu ba, na tattare riga na bi shi, ruwa har ƙugu, yayanku yana riƙe da gwiwar hannuna. Rabon da ya taɓa jikina tun yana rarrafe. Da muka haye na tambayi mutumin ko ma'aikacin wurin ne.

“Ina ɗan koyar da lissahi,” ya ce. “Ku gahwarce ni, na makara.”

Ya sa takalmi ya yi gaba da sauri. Daga baya na ji sunansa Malam Ɗahiru, kuma wai dakta ne, ko da yake ba wanda na ji ya kira shi da haka.

Ba zan yi muku ƙarya ba don ina alfahari da wurin yanzu. Abin da na gani ranar nan bai cika ido ba. Babu katanga, gonakin mutane sun shigo har gindin azuzuwa, kuma awakin da Alhaji Babba ya faɗa suna nan, sun fake a baranda sun fi kowa samun wuri. Ɗakin karatunsu bai fi zaurenmu da soron ciki ba in an haɗa. Babu wuta ranar. Ɗakin kwanan ɗalibai na leƙa na ga gadaje a cushe, bokitai a jere a ƙarƙashin indararo ana tarar ruwa. In da tambari nake saye, da daga nan na juya. Amma na bi sawun Malam Ɗahiru har ajin da ya shiga, muka raɓe a jikin taga ni da yayanku. Ajin a cike yake, kuma wannan ya fi komai ba ni mamaki, don ashe ba malamin kaɗai ya keto ruwan ba. Ga samari sa'o'in yayanku, ga wani magidanci da kana ganin tafin hannunsa ka san daga gona ya fito, ga wata mata da goyo tana jijjiga shi tana rubutu. Duk sun jiƙe, kuma ba wanda ya yi kama da mai shirin tafiya. Sun zauna ne zaman waɗanda suka tabbata za a zo.

Ya buɗe ledar nan ya fito da takardunsu a bushe, ya rarraba, yana kiran kowa da sunansa ba tare da ya duba komai ba. Wani ya ce masa jiya ba ka zo ba, lafiya? Wata ya tambaye ta jikin yaron. Wandonsa na ɗiga a kan siminti ya juya ya kama allo. Can ya hango mu.

“Alhaji, ku shigo daga ciki mana, feshi na dukanku. Samari, zo ga wuri nan.”

Na zauna a bencin baya kamar sabon ɗalibi. Yayanku ya zauna a gaba don nan ne kawai da sarari. Ana cikin darasi malamin ya rubuta wani lissafi ya ce wa zai gwada, sai ya miƙa wa yayanku alli, ya tambaye shi sunansa. Na san abin da lissafi ya yi wa yaron nan, na ce yau na jawo masa kunya a gaban baƙi. Ya tashi jiki ba ƙwari, ya yi layi biyu, ya kakare. Na jira dariya, ba wanda ya yi. Malamin ya matso ya tsaya kusa da shi.

“Layin farko daidai ne, Mannir. Na biyun ma ka kusa. Hwaɗa mani, mi ya sa ka maido wannan nan?”

Yayanku ya yi magana ƙasa-ƙasa. Malamin ya ce ya ɗaga murya, ai kuskuren nan rabin ajin suna yin sa, gara kowa ya ji. Ya ja shi da tambaya, ɗaya bayan ɗaya, bai karɓi allin ba, har yaron ya goge da hannunsa ya sake, ya kai ƙarshe. Magidancin nan mai hannun noma ya ce, “Yauwa!” da ƙarfi, aka yi dariya, irin dariyar da ake yi tare da mutum. Da yayanku ya juyo zai koma wurinsa na ga fuskarsa. Rabona da ganin wannan fuskar tun kafin ya gama sakandare. Na sunkuyar da kai ina gyara hular da ba abin da ya same ta.

Da aka tashi na tsayar da malamin a baranda, muka gaisa sosai, na tambayi iyali da aiki da ruwa. Sannan na yi masa irin tambayar da nake yi wa dillali, na ce ya faɗa mini aibin kayansa da bakinsa.

“Alhaji, in suna kake biɗa, ba mu da shi. In yaronka ya gama, akwai inda za a dibi takardarshi a taɓe baki. Kayan aikinmu kaɗan ne, wuta sai ta ga dama. Abin da muke da shi, ba mu da yawa, don haka mun san junanmu.”

“To mi ya hito da kai cikin wannan ruwa? Wa zai tuhume ka in ba ka zo ba?”

“Ba kowa. Amma waɗannan da ka gani, kowanensu an taɓa rufe mashi ƙohwa a wani wuri. In suka keto ruwa suka ishe ba malami, gobe ba su zuwa, kuma ba su ƙara zuwa ko'ina.”

A hanyar dawowa ruwa ya ɗauke, rafin ya ɗan janye. Mun yi nisa a mota, sai yayanku ya yi magana yana kallon taga.

“Baba, ashe abin nan ba wuya gare shi ba. Ba a taɓa tsayawa an tambaye ni inda na ɓace ba.”

Na ce wa direba ya rage gudu, hanya da santsi. Iyakar amsar da na iya ba shi ke nan, kuma ya gane.

Da magariba na faɗa wa Alhaji Babba komai, ban rage ba, har awakin. Na ce na je na gani da idona, kuma ina roƙon ya yarda a kai yaron. Wallahi roƙo na yi, ban yi masa tsaurin ido ba. Amma abin da ya ji shi ne na ɗauki ɗansa na kai wani wuri ba da saninsa ba, kuma a tsarin gidanmu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

“Ka tahi da shi? Ba ka hwaɗa mani ba?”

“Yaya, in na hwaɗa maka ba ka bari.”

“Ashe ka sani. To ni ban yarda ba.”

“Ka yi haƙuri, Yaya. Wannan karon zan kai shi.”

Tunda muka taso ban taɓa mayar masa da magana ba.

“Shi ke nan, Sada. Tunda ka nuna mani ɗanka ne, ga ka ga shi.”

Ya wanke hannu ya shiga gida. Washegari kwanonsa bai fito zaure ba, haka jibi, haka wata ya zagayo. Ba mu yi gaba ba, kada ku ƙara wa labarin gishiri. Muna gaisawa, muna sahu ɗaya a masallaci, in an yi rasuwa ko suna tare ake ganinmu. Amma tuwo kowa ya ci nasa, kuma in yayanku ya je gaishe shi yakan amsa masa kamar ɗan maƙwabta. Shekaru na yi ina cin abinci ni kaɗai a zauren nan, ina jin tari da motsin kwanonsa ta bayan bango. Abin ya ci mini rai ƙwarai, kuma duk wanda ya ce muku araha na bi, ku faɗa masa abin da na biya.

Kuma Alhaji Babba bai yi ƙarya duka ba. Da yayanku ya wuce share fage ya zaɓi lissafin nan dai da ya hana shi barci, ya gama da sakamakon da malamansa suka yi ta sa masa albarka. Amma da ya je bautar ƙasa sai da aka yi masa dariya, ana tambayarsa a wace taswira jami'ar tasu take. Ya nemi aiki wurare, aka ɗauki masu manyan tambura aka bar shi. Ya koyar a wata sakandare, ya ƙaro karatu, daga ƙarshe jami'ar tasa ta kira shi, ta ba shi ajin share fage, ajin da ya fara riƙe alli a ciki. Ya yi aure ya zauna a garin da ke kusa da ita, ya sayi babur. 'Yan ɗakin Alhaji Babba suka ce ai ga shi nan, ƙauye ya je ƙauye ya riƙe shi. Ni dai na ga mutum ya tashi da safe yana da inda za shi, kuma yana ɗokin zuwa.

Ana nan sai jikar Alhaji Babba, Jamila, wadda ya fi ji da ita duk cikin jikokinsa, ta gama sakandare, lissafi ya tokare ta. Abokan karatun nasa kuwa zuwa lokacin wasu sun rasu, wasu ba a ɗaukar wayarsu. Yarinya ta fara zaman ɗaki. Ban sa baki ba, na riga na yi shisshigi sau ɗaya a rayuwata, ya ishe ni. Wata safiya da damina, na fito masallaci gabas ta yi baƙi, sai na ji sandarsa a bayana.

“Sada, hadari ya haɗo.”

“Ya haɗo, Yaya. Allah ya sa mai albarka ne.”

“Na sa a hiddo mota. Ka kai ni in ga wurin nan.” Ya miƙo hannu. “Ba ni wayarka.”

“Wayata kuma?”

“Don kada ka kira shi. Yadda ka gwada na wasu, haka za a gwada naka.”

Na ba shi, ya jefa a aljihu. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar nan ba, har da ranar da na shiga rafi. Wancan karon ɗan wani na je gwadawa, in ya zuba in juya in tafi. Yau kuwa idan yaron nan ya ce ruwa ya tsare shi, kamar yadda kowa yake cewa ba a ga laifinsa ba, to duk shekarun da na yi ina cin tuwo ni kaɗai sun tashi a banza, a gaban mutumin da na saɓa wa.

Mun tarar an yi gada a kan rafin, an ƙara gine-gine, an ja katanga ta gaba, amma awaki suna nan a baranda. Alhaji Babba ya dube su ya dube ni. Ruwa ake yi ba na wasa ba. Muka raɓe a jikin tagar ajin, na riƙe masa lema. Aji a cike, allo a goge, ba malami. Lokacin darasi ya yi, ya ɗan gota. Alhaji Babba ya duba agogo, ya sake dubawa. Ni kuwa ba addu'ar da ban karanta ba. Abin da ya ɗan riƙe ni shi ne zaman ɗaliban, don ba wanda ya tattara littafi, irin zaman nan ne da na taɓa gani.

Sai ga mutum ya ɓullo ta bakin ƙofar makaranta yana tura babur, ruwa ya kashe masa inji a hanya. Ya jingine shi a gindin bishiya, ya taho da gudu-gudu, wando a naɗe, taɓo har gwiwa, baƙar leda a ka ya dafe da hannu ɗaya. Bai gan mu ba. Ya faɗa aji ya ce su gafarce shi ya makara, ya buɗe leda ya fito da takardu a bushe, ya shiga kiran suna ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya duba komai ba. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba.

Wani ɗalibi da ya makara ya zo wucewa, ya gan mu tsofaffi biyu a cikin feshi, ya rusuna ya gaishe mu.

“Baba, wa kuke nema? In kira maku wani?”

Na buɗe baki zan ce ba kowa, sai Alhaji Babba ya riga ni. Ya ɗaga sandarsa ya nuna ta taga.

“Ba sai ka kira shi ba, shina aiki. Wancan da ya jiƙe, mai allin nan, ɗana ne.”

Da magaribar ranar kwanonsa ya fito zaure. Ya dai tura mini wayata a kan tabarma, ya ce miyar ɗakina ta cika gishiri kamar kullum. Amma a can jikin taga, lokacin da ya faɗi maganar nan, ɗalibin ya juyo ya dube ni, yana jiran ya ji ni kuma wane ne. Na kau da kai na kalli gonar gero, yadda uban ɗan fari ya kamata ya yi, na ce masa ni rakiya na yi.